Ribar Shekara Ɗaya Ba Ta Isa Shaida Ba: Yadda Ake Auna Tsadar Hannun Jari Da Ribar Shekara Goma

Duk wanda ya taɓa shiga cinikin gona ya san cewa ba a yanke mata kuɗi da amfanin damina ɗaya. In mai sayarwa ya nuna rumbun da ya cika a shekarar da ruwa ya wadata, mai saye mai wayo yakan zagaya wurin maƙwabta ya ji abin da gonar ta bayar a shekarar fari da shekarar fara, sa'an nan ya haɗa mai kyau da maras kyau, ya ga abin da ta saba bayarwa kafin ya taya. Wannan dabara ce wasu masana harkokin tattalin arziki na ƙasar Amurka suka mayar da ita lissafi, domin gane ko hannun jarin kamfani ya yi tsada ko kuwa ya yi araha. Maimakon a dogara da ribar da kamfani ya ci bara kaɗai, sai a tattaro ribarsa ta shekara goma, a daidaita ta da hauhawar farashin kayayyaki, a fitar da matsakaicinta, sannan a gwada kuɗin hannun jarin da ita. A kasuwannin duniya ana kiran wannan ma'auni CAPE, wasu kuma sukan jingina shi ga Farfesa Robert Shiller na Jami'ar Yale, wanda ya fi kowa yayata shi.

Batun ya shafi duk mai ɗan abin da ya ajiye, tun daga ɗan kasuwar da ya sayi hannun jari ta hannun dillali, har zuwa ma'aikacin da kamfanonin fansho ke juya kuɗinsa alhali bai taɓa leƙa kasuwar ba. Sau da yawa mutane kan yi asara a kamfani mai lafiya, wanda ke cin riba yana kuma raba ta, saboda kawai sun saya da tsada a lokacin da suke zaton sun tsinci araha.

Inda tsohon ma'auni ya gaza

Ma'aunin da dillalai suka fi sabawa da shi mai sauƙi ne. Ana ɗaukar kuɗin hannun jari ɗaya a kasuwa, a raba shi da ribar da ta faɗo wa wannan hannun jarin a shekarar da ta gabata. Idan ana sayar da shi naira 60, ribarsa kuwa naira 5 ce, to ninkinsa 12 ke nan, wato mai saye ya biya kuɗin ribar shekara 12 tun kafin a ci ta. Ƙaramin ninki alamar araha ce, babban ninki kuwa alamar tsada.

Matsalar ita ce riba ba ta tsayuwa wuri ɗaya. Kamfanin mai, ko na siminti, ko na ƙarafa, ko banki, yakan ci ƙazamar riba a shekarar da kasuwa ta buɗe, ya kuma tashi a tutar babu a shekarar da ta tsuke. A shekarar yalwa ribar kan kumbura, ninki ya ƙanƙance, hannun jari ya yi kama da na araha daidai lokacin da farashinsa ya kai ƙololuwa. A shekarar ƙunci kuwa ribar kan tsiyaye, ninki ya tashi sama, hannun jari ya yi kama da na tsada daidai lokacin da ake zubar da shi a wulaƙance.

An ga haka ƙarara a Amurka lokacin rikicin kuɗi na duniya. A watanni ukun ƙarshe na shekarar 2008, kamfanin inshora na AIG shi kaɗai ya yi asarar dala biliyan 61.7, kuma jimillar lissafin manyan kamfanoni 500 na ƙasar, waɗanda ake kira S&P 500, ta koma asara. Saboda haka a cikin 2009 tsohon ma'aunin ya haura ninki 100, yana nuna kamar kasuwar ba ta taɓa yin tsada irin wannan ba. Gaskiyar lamarin kuwa, ya zuwa watan Maris na shekarar farashi ya riga ya zubar da fiye da rabin darajar da yake da ita a 2007, ma'aunin shekara goma kuma ya sauko wajen ninki 13. Daga wannan wata kasuwar ta kama hawa na kusan shekara 11. Wanda ya saurari tsohon ma'auni ya gudu a lokacin da ya kamata ya tsaya.

Asalin dabarar

Tushen wannan tunani yana komawa ga malamai biyu na Jami'ar Kolombiya ta Amurka, Benjamin Graham da David Dodd, waɗanda suka wallafa littafin Security Analysis a shekarar 1934, lokacin da raunin faɗuwar kasuwar 1929 bai warke ba. Graham da kansa ya tafka asara a wannan faɗuwa, don haka ba da ka ya yi magana ba. Shawararsu ita ce kada a amince da ribar shekara ɗaya, a nemi matsakaicin ribar shekaru masu yawa, daga biyar har zuwa goma, domin lissafin ya ƙunshi lokacin yalwa da lokacin ƙunci baki ɗaya. Cikin ɗaliban Graham akwai Warren Buffett, wanda daga baya ya shiga sahun manyan attajiran duniya ta hanyar zuba jari.

A shekarar 1988 Robert Shiller da abokin aikinsa John Campbell suka ɗora a kan wannan tubali. Sun bi alƙaluman kasuwar Amurka tun daga 1871, suka daidaita farashi da riba da hauhawar farashin kayayyaki, suka kuma nuna cewa matsakaiciyar riba ta dogon zango tana ba da haske a kan abin da masu jari za su samu a shekarun da ke tafe. Duk lokacin da ninki ya yi sama sosai, abin da ake samu cikin shekara goma masu zuwa yakan yi ƙasa. Duk lokacin da ya yi ƙasa sosai, abin da ake samu yakan yi auki.

A farkon watan Disamba na 1996 malaman biyu suka gabatar da wannan bincike a gaban hukumar gudanarwar babban bankin Amurka. Bayan kwana biyu shugaban bankin, Alan Greenspan, ya yi wani jawabi da ya shahara, inda ya yi tambaya ko zumuɗin da ba shi da tushe bai kumbura darajar kadarori fiye da kima ba. Shiller ya fitar da littafinsa a kan wannan zumuɗi a watan Maris na 2000, wato watan da kasuwar ta kai maƙura kafin ta rikito. A 2013 ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki tare da Eugene Fama da Lars Peter Hansen.

Yadda ake lissafin

Aikin yana da mataki huɗu. Da farko a samo ribar da ta faɗo wa kowane hannun jari a kowace shekara daga cikin shekaru goman da suka wuce, har da shekarun asara, domin wanda ya tsallake su ya yaudari kansa. Na biyu, a mayar da ribar kowace shekara zuwa darajar kuɗin yau ta hanyar amfani da alƙaluman farashin kayayyakin masarufi. A misali, in kamfani ya ci naira 2 a kan kowane hannun jari shekara goma da suka wuce, kuma daga lokacin zuwa yau farashin kaya ya ninka sau uku, to wannan naira 2 daidai take da naira 6 ta yau. Na uku, a haɗa dukkan goman a raba gida goma. Na huɗu, a raba kuɗin hannun jarin na yau da abin da ya fito.

In muka koma ga misalinmu na farko, wato hannun jarin naira 60 mai ribar naira 5 a bara, sai ya zamana matsakaicin ribarsa ta shekara goma naira 3 ne bayan an daidaita, to ninkinsa na gaskiya 20 ne, nesa da 12 ɗin da ya fara nunawa. Ana kuma iya juya lissafin domin a ga abin da jari ke haifarwa. Ninki 10 yana nufin kowace naira 100 da aka zuba tana da ribar naira 10 a bayanta, ninki 40 kuwa naira 2 da kwabo 50 kacal.

Darasi daga kamfanin mai

Kamfanin ExxonMobil, wanda aka fi sani a Nijeriya da sunan Mobil, misali ne mai kyau na kamfanin da ribarsa ke hawa da sauka tare da farashin ɗanyen mai. A 2012 ya ci ribar dala biliyan 44.9. A 2016, bayan faɗuwar farashin mai, ribar ta koma biliyan 7.8. A 2020, shekarar annobar korona, lokacin da har aka wayi gari a watan Afrilu farashin gangar mai a Amurka ya faɗi ƙasa da sifiri, kamfanin ya yi asarar biliyan 22.4, aka kuma cire shi daga jerin kamfanoni 30 na Dow Jones a watan Agusta. A 2022 kuwa, shekarar da Rasha ta mamaye Yukren, farashin ganga ya haura dala 100, kamfanin ya ci biliyan 55.7, ribar da bai taɓa cin irinta ba.

A ƙarshen 2020 ana sayar da hannun jarinsa wajen dala 41, darajar kamfanin gaba ɗaya a kasuwa kuma wajen dala biliyan 174. Tsohon ma'auni ba shi da ta cewa, tun da babu ribar da za a raba da ita. Amma in aka haɗa ribar kamfanin daga 2011 zuwa 2020, aka daidaita da hauhawar farashi, matsakaicinta yana kai wa wajen biliyan 23 a shekara, wato ninki bai kai 8 ba. A ƙarshen 2022 hannun jarin ya kai dala 110, darajar kamfanin ta kai wajen biliyan 450. A wannan karon tsohon ma'auni ne ya nuna ninki 8, kamar an samu garaɓasa. Sai dai matsakaicin ribar 2013 zuwa 2022, bayan daidaitawa, bai gusa daga wajen biliyan 23 ɗin nan ba, wato ninki ya kusa 20.

Abin lura a nan shi ne, abin da kamfanin ya saba ci bai canja ba a tsakanin shekarun biyu. Farashin da mutane suka yarda su biya ne ya ninka fiye da sau biyu da rabi. Ma'aunin shekara goma ya nuna araha a lokacin da kowa ke gudu, ya kuma nuna cewa arahar ta wuce a lokacin da kowa ke rububi.

Abin da tarihi ya nuna

Alƙaluman Shiller na kasuwar Amurka gaba ɗaya sun fara daga 1881, kuma matsakaicin ninki a tsawon wannan zamani yana wajen 17. A watan Satumba na 1929 ya haura 32, kuma daga nan zuwa watan Yuli na 1932 ma'aunin farashi na Dow Jones ya zubar da kashi 89 cikin ɗari na darajarsa. A tsakiyar 1982, lokacin da hauhawar farashi da tsadar kuɗin ruwa suka kori mutane daga kasuwa, ninki ya sauka ƙasa da 7, abin da ya biyo baya kuwa shi ne hawa na kusan shekara 18. A watan Disamba na 1999, a tsakiyar zazzaɓin kamfanonin intanet, ninki ya kai 44. Ya zuwa Oktoban 2002 manyan kamfanoni 500 sun yi asarar kusan rabin darajarsu, kasuwar Nasdaq ta kamfanonin fasaha kuwa kusan kashi 78 cikin ɗari. Wanda ya zuba kuɗinsa a waɗannan kamfanoni 500 a ƙarshen 1999, ya kai ƙarshen 2009 bai mayar da uwar kuɗinsa ba, ko da an haɗa masa da rabon ribar da ya karɓa.

Inda ma'aunin ke da rauni

Duk da haka, ma'aunin ba ya faɗin ranar da kasuwa za ta juya. Lokacin da Campbell da Shiller suka yi gargaɗinsu a 1996 ninki yana wajen 28, amma sai da farashi ya sake ninkawa kafin faɗuwar 2000. Wanda ya sayar da komai a ranar gargaɗin ya zauna fiye da shekara uku yana kallon wasu suna kwasa. Haka nan tun daga farkon shekarun 1990 ninkin kasuwar Amurka ya fi zama a saman matsakaicinsa na tarihi, in ban da ɗan lokacin rikicin 2008 zuwa 2009.

Masana irin su Farfesa Jeremy Siegel na Jami'ar Pennsylvania sun kawo dalilai. Ƙa'idojin aikin akanta sun canja, ta yadda kamfani kan rubuta asara mai ɗimbin yawa a takarda in darajar wani kamfani da ya saya ta ragu, kamar yadda AOL Time Warner ya rubuta asarar kusan dala biliyan 99 a 2002. Irin wannan asara takan zauna cikin lissafin har shekara goma tana danne matsakaici. Haraji ma yakan canja, kamar yadda Amurka ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa kashi 21 cikin ɗari a dokar 2017, wanda ya sa ribar shekarun baya ba ta daidaita da ta shekarun gaba. Sannan akwai batun kuɗin ruwa. In takardun lamuni na gwamnati suna biyan kaɗan, mutane kan yarda su sayi hannun jari da tsada, in kuwa suna biyan da yawa, ninkin da za a kira araha dole ya yi ƙasa.

Hatsarin ya fi girma in aka ɗora ma'aunin a kan kamfani guda. Kasuwa gaba ɗaya takan faɗi ta tashi, amma kamfani ɗaya yana iya faɗuwa ya ƙi tashi. Kamfanin Nokia na ƙasar Finlan, wanda wayoyinsa suka cika aljihun jama'a, ya ci ribar yuro biliyan 7.2 a 2007, shekarar da iPhone ta fito. Duk wanda ya auna shi da ribar shekara goma a 2011 zai ga araha ƙwarai, alhali zamanin wannan riba ya riga ya shuɗe. A 2012 kamfanin ya yi asarar fiye da yuro biliyan 3, hannun jarinsa ya faɗi ƙasa da yuro 2, a 2014 kuma ya miƙa wa Microsoft sashen wayoyinsa. A ɗaya ɓangaren, kamfani mai tasowa irin Amazon, wanda ya yi asarar dala biliyan 1.4 a 2000 kuma bai ci ribar cikakkiyar shekara ba sai 2003, zai yi ta bayyana da tsada a wannan ma'auni, domin ribarsa ta baya ƙanƙanuwa ce in aka gwada da ta gaba. Saboda haka ma'aunin ya fi dacewa da tsofaffin kamfanoni masu sana'ar da ba ta gushe ba, waɗanda ribarsu ke kai da komo a kewayen wani mizani.

Abin da ya shafi mai jari a Nijeriya

A ƙasar da kuɗi ke saurin zubar da daraja, mataki na biyu na lissafin, wato daidaitawa da hauhawar farashi, shi ne ƙashin bayan aikin. Nijeriya ta ga hauhawar farashi fiye da kashi 70 cikin ɗari a 1995, ta kuma ga kashi 34.8 a watan Disamba na 2024. Daga ƙarshen 2014 zuwa ƙarshen 2024 farashin kayayyakin masarufi ya ninka fiye da sau biyar. Ma'anar wannan ita ce, kamfanin da ribarsa ta ninka sau uku a wannan tsakani baya ya ci, ko da kuwa shugabanninsa sun yi ta shelar bunƙasa a taron shekara-shekara na masu hannun jari.

Kasuwar hada-hadar hannayen jari ta ƙasar, wadda aka kafa a Legas a 1960, ta riga ta koya wa jama'a darasin saye da tsada. A watan Maris na 2008 ma'aunin farashinta ya haura maki 66,000, bayan rububin hannayen jarin bankuna wanda aka yi da yawansa da kuɗin bashi. Cikin shekara guda ya rikito zuwa wajen 20,000, bai kuma sake taka matsayin 2008 ba sai a watan Agusta na 2023. Shekara 15 ke nan, kuma da nairar da ta riga ta rasa mafi yawan ƙarfinta.

Shekarar 2023 kanta ta nuna yadda ribar shekara ɗaya ke ruɗarwa. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni, kamfanonin da ake bin su bashin dala sun rubuta manyan asarori, kamar MTN Nigeria da ya yi asarar naira biliyan 137 da Nestlé Nigeria da ya yi ta kusan biliyan 80, duk da cewa jama'a ba su daina kiran waya ko sayen kayan shayi ba. Bankunan da ke riƙe da kadarorin dala kuwa suka rubuta riba mai tsoka daga canjin kuɗi kawai, har Babban Bankin Nijeriya ya hana su raba irin wannan riba ga masu hannun jari a watan Satumba na shekarar. Wanda ya auna ɓangarorin biyu da lissafin 2023 kaɗai zai raina na farko fiye da kima, ya kuma yaba na biyu fiye da kima.

Kayan aikin ba su da wuyar samu. Rahoton shekara-shekara na kamfanonin da ke kasuwar yakan zo da taƙaitaccen lissafin shekara biyar a ƙarshensa, don haka rahoto biyu masu tazarar shekara biyar sun wadatar. Alƙaluman farashin kayayyaki kuwa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ke fitar da su, sai dai a kula cewa ta sabunta tushen lissafinta a farkon 2025, don haka sai an haɗa tsohon jeri da sabo cikin natsuwa. Wajibi ne kuma a lura da yawan hannayen jarin kamfani. In ya ba da kyautar ƙarin hannayen jari, ko ya sayar da sababbi domin ƙara jari, kamar yadda bankuna suka yi a 2005 da kuma bayan umarnin 2024, to ribar da ake rabawa tsakanin mutum goma ta koma ta mutum ashirin, kuma dole a gyara alƙaluman baya su dace da haka.

Bayan an fitar da ninki, sauran tambayoyi uku da lissafi ba zai amsa ba. Shin sana'ar da ta kawo ribar shekarun nan goma tana nan da ranta? Shin bashin da ke kan kamfanin zai bar shi ya kai ga shekarar yalwa ta gaba? Shin abin da jarin zai haifar ya fi abin da takardun lamuni na gwamnati ke biya, bayan an cire hauhawar farashi? Mai jarin da ya samu amsa mai gamsarwa ga waɗannan uku, ya kuma ga ninki ya yi ƙasa in aka gwada da tarihin kamfanin da na takwarorinsa, yana da hujjar taya wa. In kuwa ninki ya yi sama, sai ya nemi dillalinsa ya nuna masa daga inda ƙarin ribar da za ta biya wannan tsada za ta fito, kafin ya sa hannu a takarda.